Ranar da Mainassara Ya Faɗi Gaskiya

Mainassara na Bande ƙanen kakata ne, kuma duk danginmu ba a taɓa yin mai baki irinsa ba. Gonarsa ba ta kai a kira ta gona ba, fartanyarsa kuwa tsatsa ce ta cinye ta, ba ƙasa ba. Sana'arsa kiran ruwa. Da damina, kowace ranar kasuwa, zai tsaya gindin tsamiya ya nuna gabas da sandarsa, ya ce, "Ku kwashe shanya kafin la'asar." In an yi ruwa, aikinsa ne. In ba a yi ba, wai wata mata ce ta tsallake masa sanda. Liman ya yi faɗa har ya gaji. Da kaka dai sai ka ga damman gero suna shiga gidan Mainassara kamar shi ya noma rabin garin.

Lokacin babban yaƙin Turawa, wata shekara ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya fara murɗewa. Ran kasuwa Mainassara ya ɗaga sandarsa kamar kullum. Ko goron bakinsa bai gama taunawa ba gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta zo ta kwashe rumfuna, ta bi masu tabarmi da gudu. Cikin rugugin nan aka ji wata ƙara daban, sai ga jirgin saman sojan Faransa yana tangaɗi ƙasa-ƙasa, ya nufi Damagaram. Bai kai ba. A gonar wani manomi Labbo ya faɗi.

Mainassara na cikin waɗanda suka fara isa. Soja ɗaya ya riga ya mutu. Na biyun, saurayi ne ko gemu bai yi ba, Mainassara ne ya jawo shi da sauran numfashi. Ya damƙe hannun Mainassara yana wata magana da yarensu, har ya cika.

Kafin Mainassara ya dawo gari labari ya riga shi: Mainassara ya kira hadari har ya kakkaɓo jirgi! Mata suna ta guɗa. Shi kuwa ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Magana ta kai Magarya. Kumandan, Baturen Faransa mai mulki a can, bai yarda da wani kiran ruwa ba, amma ba ya son a riƙa faɗi a kasuwanni cewa talaka da sanda ya kayar da jirgin Faransa. Ya zo da gardi, wato 'yan sandansa, da tafintansa Inuwa, aka tara gari a ƙofar fada.

Inuwa ya ce, "Kumandan na tambaya, kai ka kira hadarin nan? In kai ne, sai kaso, gidan yarin Damagaram."

In ya ce shi ne, kaso. In ya ce ba shi ba ne, ga duk waɗanda ya ci geronsu a tsaye suna ji. Matarsa Zuwera ta raɗa masa ta baya, "Maigida, ka ce ruwan naka ne, iskar kuwa ta Ingilishi ce, daga Daura ta tsallako."

Mainassara ya dubi hannunsa da saurayin nan ya damƙe, sai hawaye. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban iya ba. Ko raɓa ban taɓa kira ba. Gwiwata ce ke ciwo in hadari na kusa, sauran duk kame-kame ne. Geron mutanen nan ban ci shi da gaskiya ba."

Kumandan ya yi dariya, ya sa Inuwa ya maimaita da ƙarfi kowa ya ji, ya hau dokinsa ya tafi.

Mainassara ya tsaya yana jiran jifa. Sai Labbo ya kama hannunsa yana jijjigawa. "Kai, Mainassara! Haka ake yi wa Nasara wayo? Har da hawaye!"

Bandawa ke nan! Shekara da shekaru yana zuba musu ƙarya suna sha, ranar da ya faɗi gaskiya suka ce ta fi duka gwaninta. Da kakar shekarar sai da aka gina masa rumbu na biyu. Ya karya sandar ya yar, aka tsince guntayen aka ɗinke a laya. Ya je wurin Liman, wanda ya daɗe yana kiransa maƙaryaci, don ya sake faɗa masa ko sau ɗaya. Liman ya ɗan ja buzunsa baya, ya ce, "To, Allah dai shi ya bar wa kansa sani."

Ni na tarar da shi ya tsufa, kuma tausayinsa nake ji har yau. Da hadari ya haɗo sai ya shige ɗaki. Wata rana a gabana ya ce wa Zuwera, "Ke dai kin san ban iya ba, ko?"

Ta dubi hagu da dama, ta rage murya. "Na sani mana, Maigida. Ba mai ji daga bakina."

Har ya koma ga Allah yana neman mutum ɗaya da zai ce masa maƙaryaci, ya sauke masa ran saurayin nan daga wuyansa. Bai samu ba.