Ranar da Kwamfutar Yaya Sani Ta Sake Karanta Faifai

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sani, Allah ya jiƙansa. Duk lokacin da watan ya zagayo, da nauyin zuciya nake tuna shi. Bana kuwa da murna na zo, domin tsohuwar kwamfutarsa ta tashi, kuma da hannunmu muka tashe ta.

Yaya Sani direban bas ne a unguwar Kudai da ke nan ƙasa mai tsarki, lokacin Hajji yana jigilar alhazai tsakanin Mina da Arfa. Tun muna samari ya sayo kwamfutar gida, irin wadda ake jona wa talabijin, mai ramin saka faifan filofi a gefe. Da ita ya koya wa kansa har ya ƙirƙiri wasa: ka tuƙa bas cike da alhazai zuwa Arfa ba tare da ka yi karo ba. Mahaifiyarmu takan yi mita, wai mutum ya wuni yana tuƙi, ya dawo gida ya ci gaba da tuƙi a talabijin.

'Yarsa Ruƙayya ce ta kira ni. Za a rushe ginin da suke haya, suna haɗa kaya sai ta ci karo da kwalin kwamfutar. "Baffa, ko mu tashe ta, ko Umma ta ba masu gwangwan. Sabon gidan ba wuri." Ruƙayya ma'aikaciyar jinya ce, haihuwar nan, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ta sha jin labarin wasan, amma ba ta taɓa ganinsa ba, don tun tana goye kwamfutar ta daina karanta faifai.

Da muka jona ta, allon talabijin ya kawo haske. Sai da na yi kabbara! Ruƙayya ta rarumo faifan wasan za ta saka, na hana ta. Idan akwai datti a ciki zai iya kankare faifan, kuma shi kaɗai gare mu. Muka gwada da wani da ba komai mai muhimmanci a kansa. 'Yar fitilar ta kama, inji yana gurnani, faifai bai juya ba.

Muka kwance murfin. Robar da ke juya faifan ta narke, ta zama baƙi ƙirin kamar kwalta. Ruƙayya ta kawo auduga da sifirit, ta goge wurin a hankali kamar mai wanke rauni, ta goge ɗan kan da ke karanta faifan. Muka ɗaura robar kitsonta a madadin ta asali. Faifan ya juya, muka yi tsalle, amma juyin bai daidaita ba, allo ya nuna kuskure. Ta auna wurin da zare, ta yi odar sabuwar roba ta waya.

A kwanakin da muke jira na yi ta tunanin abin da Yaya zai ce. Shi da yakan tafi har Jidda neman ɗan ƙaramin abu ya dawo hannu wofi, yau ga 'yarsa tana zaune ana kawo mata har ƙofa. Ga jirgin ƙasa yana kwasar alhazai a hanyar da ya sha gumi a kanta. Na tabbata ba zai yi ƙorafi ba. Zai nemi a nuna masa inda direban jirgin yake zama.

Roba ta iso, muka saka, har yanzu shiru. Na lura ɗan kan ba ya motsi, tsohon man da ke kan ƙarfen da yake bi ya daskare. Hajiya Maryam, matar Yaya, wadda tun farko take cewa muna ɓata lokaci, ta tashi ta shiga ɗaki. Sai ga ta da man keken ɗinkinta. Muka ɗiga kaɗan. Ƙas, ƙas, ƙas! Ƙarar da na manta ina kewarta. Faifan gwaji ya buɗe.

"Yalla, maza, Baffa, yanzu!"

Na saka na wasan. Ga bas ɗin nan, koriya, mai ƙafafu kamar ƙosai. Hajiya Maryam ta dafe ƙirji ta zauna a kan kwali tana dariya da hawaye tare.

Ruƙayya ta karɓi tuƙi, nan take ta afka wa tanti. Rubutu ya fito da Hausa: "Haba direba, barci kake?" Haka yake faɗa wa duk wanda ya yi masa gangancin hanya, har na ji muryarsa a kunnena. Ta sake yin karo, wani ya fito: "Sauka ka tura."

Bas ɗinsa ta ainihi an daɗe da sayar da ita, ginin ma yana hanyar tafiya. Amma zolayarsa tana nan daram, ba ta tsufa ba. Hajiya Maryam ta ce a sa kwamfutar a motar farko ranar ƙaura, a kan cinyarta za ta riƙe.

Har aka kira magariba Ruƙayya ba ta kai Arfa ba. Sai daga baya na gane da gangan take karo, tana juyowa tana tambayata, "Baffa, wannan kuma me Abba ya ce mini?"