Na Ce Masa Ba a Ruwa a Hamada

Laifin nawa ne, gara in faɗa tun daga farko. A lokacin ina sayar da tayoyin mota a wani ɗan shago kusa da PZ a Zariya, iyalina kuma suna Samaru. Sau ɗaya tak na taɓa zuwa Agadas, na bi motar wani abokina da ya kai citta a watannin sanyi. Amma da na dawo sai na mai da kaina masanin hamada. Duk majalisar da aka ambaci arewacin Nijar ni ke karɓe zancen, abin da na gani in faɗa, wanda ban gani ba in ƙara daga kaina.

Wata shekara da damina ta yi tsakiya, ƙanina, wanda direban babbar mota ne, ya samu lodin citta zuwa Agadas. Bai taɓa wuce Maraɗi ba, don haka ya zo shagona neman shawara. Ya ce wani direba a tasha ya ja masa kunne a kan ruwa a irin wannan lokaci. Na yi dariya, na tambaye shi ruwan me a ƙasar da ko ciyawa ba ta gani. Na ce rana ce abin tsoro, idan ta take ya nemi kori, wato busasshen rafi, domin nan kaɗai ake samun inuwar bagaruwa, ya gangara da mota inda ƙasa ta yi tauri ya huta, kamar yadda muka yi. Na ƙara da cewa ko ruwan zai zo ai sai ya ga hadari ya haɗo daga gabas, kamar nan Zariya. Ya ce to Yaya, tunda kai ka je ai shi ke nan.

Daga Damagaram ya kira ni na ƙarshe, daga nan wayarsa ta daina shiga. Da farko na ce rashin sabis ne. Sai wani maƙwabcin shagona ya nuna mini hoto a waya, manyan motoci kwance cikin jan ruwa a hanyar Agadas. Tun daga ranar zama ya gagare ni. In buɗe shago in rufe, in tafi tashar Sabon Gari ina bin direbobi da tambaya, in dawo in sake buɗewa. Abinci sai in ɗiba in ajiye. Idan aka fara yayyafi a Samaru sai in fita tsakar gida in tsaya, har matata ta daina tambayata. Mahaifiyarmu a Jushi kullum sai ta sa a kira ni. Takan ce yaron nan da taurin kai yake, wa ya aike shi wannan tafiya a tsakiyar damina. Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce haka ne, Inna.

Wasu direbobi ne suka dawo da shi, ƙafarsa a karye, muka wuce asibitin Shika. A kan gado ya ba ni labari. Ya ce sararin sama fes, rana na ƙuna, yana kwance a inuwar motar cikin korin sai ya ji wata ƙara kamar jirgin ƙasa na shigowa Sabon Gari. Kafin ya miƙe ruwa ya iso, ja wur, ɗauke da itatuwa da duwatsu. Ashe can kan tsaunuka aka yi ruwan, inda ido ba ya kaiwa. Wani kututture ya buge masa ƙafa, ya rungumi bishiya yana kallo motar ta kife. Da ya gama ya dube ni. Bai faɗa wa kowa wanda ya ba shi shawarar ba, ni ma na bar maganar a haka, wata bayan wata, yana ɗingishi yana kirana Yaya.

Abin da na koya shi ne hamada ma tana da lokutanta. Akwai sanyin da ke sa hannu ya ƙage da safe, akwai bazarar da ƙarfen mota ba ya taɓuwa, akwai kuma gajeriyar damina wadda ruwanta kan iso wa mutum ba tare da ya ga gajimare ba. Mai shirin tafiya ya tambayi wanda ya bi hanyar a irin watan da zai tafi. Wanda kuma lokaci ɗaya ya gani, ya ji tsoron Allah ya ce iyakar abin da ya sani ke nan.

Wata Juma'a muna zaune a Jushi ya shigo da sandarsa, Inna ta sake ɗauko zancen taurin kansa. Ya yi murmushi kawai. Na ji ba zan iya ƙara ji ba. Na sauko daga kujera na durƙusa, na ce mata bai yi taurin kai ba, biyayya ya yi mini, ni na ce ya kwanta a korin alhali ban san komai a kan daminar can ba. Sannan na juya wajensa, na dafa ƙafar da ta karye, na ce na cuce shi da bakina, na sake cutarsa da shiruna, ya yafe mini don Allah.