Sagiru a Sahun Masu Takobi

A cikin bayin Allah da ke neman halalinsu a gonakin dabino na Badar akwai wani mutumin Damagaram ana ce da shi Sagiru. Dogo ne, mai sakin fuska, ba ya wasa da sallar jam'i. Tun yana saurayi ya shahara a garinsu da rawar takai, wadda ake kewayawa kowa da sandarsa, duk wanda ka juyo ka tarar sai ku gwara sanduna. Da ya zo ƙasar Madina sai ya ajiye wannan, ya kama hawan dabino a gonar wani dattijo, Shaihu Abdulazeez.

Al'adar gidan ce, ranar da aka sare nonon dabino na ƙarshe sai a yanka raguna, a fitar da rabon mabukata, bayan la'asar kuma maza su yi sahu biyu su yi rawar takobi. Shekara da shekaru Sagiru yana kallo daga wajen tukwane, ƙafarsa tana bin ganga a ɓoye.

Kakar bana gwiwa ta hana Shaihu tsayuwa a sahun rawar. Sai ya kira Sagiru, ya miƙa masa takobin mahaifinsa, ya ce, "Ya waladi, ɗana, takobin nan bai taɓa kwana a kube a rana irin wannan ba. Kai za ka tsaya min."

Sagiru ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ya Ammi, ina tsoron in kunyata ka a gaban danginka."

"Na daɗe ina ganin ƙafarka a bayan tukwane. Tafi."

Abokin aikinsa Ɗan'inna, mutumin Maraɗi, ya raka shi da tsiya: "Ka tuna ba lauje ba ne, Badamagare. Kada ka girbe kan wani."

Aka buga ganga. Sagiru ya shiga sahu kusa da Ammu Jibril, yayan mai gida, tsoho mai kaushin hali wanda tun farko bai so a sa baƙo ba. Da fari komai ya tafi daidai: a ɗaga takobi, a girgiza shi, a sauke bisa kafaɗa. Amma da kiɗa ya yi zafi, daɗi ya kwashe Sagiru, jikinsa ya koma dandalin garinsu. Ya juya a kan diddige, ya gwara takobinsa da na Ammu Jibril, ƙarfe ya yi ƙara.

A sahun gidan nan takobi ba ya taɓa takobi, domin wannan neman faɗa ne. Makaɗa suka tsaya. Ɗan'inna ya dafe kai.

Ammu Jibril ya duba bakin takobinsa, ya ce, "Me na yi maka?"

Sagiru ya sunkuyar da kai. "Wallahi ba komai, ya Ammi. A garinmu wanda kake jin daɗin rawa da shi, shi kake gwarawa da shi. Hannuna ne ya riga ni."

"Wato ni ka zaɓa duk sahun nan?"

"Kai ne kusa."

Shaihu Abdulazeez ya fara dariya daga kan kujerarsa har rawaninsa ya zame. Ammu Jibril ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya faskara. Ya ce, "A kawo rassan dabino. Ku nuna min, amma da itace."

Aka sassaƙe rassa biyu, Sagiru da Ɗan'inna suka shiga fili, suna juyi suna gwarawa, makaɗa suna laluben kiɗan har suka kama shi. Kafin magariba Ammu Jibril da kansa ya karɓi reshen Ɗan'inna, ya bugi Sagiru sau biyu a yatsu, ya ce kuskure ne.

Da aka kira salla Sagiru ya goge takobin, ya mayar da shi kube, ya kai wa mai shi da hannu biyu. Shaihu ya ce, "Baɗi ma kai ne." Ammu Jibril yana ɗaura alwala ya ce, "Kusa da ni za ka tsaya, inda zan riƙa ganin hannunka."