Inna Ni-ce da Hannun Kafinta

Ƙarfe bakwai na safe za ka ji ta a ɗakin masu rauni a ƙwaƙwalwa, tana bi gado-gado: "Ni ce, nas ɗin da ta wanke maka ciwo jiya." Ko sau goma ta shigo sai ta faɗa. Abokan aiki har kwaikwayonta suke yi, su suka laƙaba mata Inna Ni-ce, ita ko a jikinta. Wannan watan take ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya.

Ta san abin da yawancinmu ba mu sani ba. Akwai raunin da ke barin ido da kunne garau, amma mutum ya dubi mahaifiyarsa kamar baƙuwa, muryarta ma ya kasa shaidawa.

Haka ta faru da wani kafinta da ya faɗo daga kan rufi. Wata biyu matarsa na jinyarsa, kullum ta shigo sai ya ja bargo ya ce mata sannu baiwar Allah. Ƙanwarsa kuwa tun daga ƙofa yake gane ta. Abin ya ci matar, ta ɗauka da gangan yake yi, ta haɗa kayanta za ta koma gidansu.

Inna ta tare ta a baranda, ta fahimtar da ita cewa ɗingishin ƙanwar yake ganewa, ba fuskarta ba. Sannan ta tambaye ta me take yi masa wanda ba kowa ke yi ba. Da ƙyar, cikin kunya, ta ce kullum ya dawo aiki ita ke duba tafinsa ta cire masa sartse, daga babban yatsa take farawa.

"To, 'yata, ajiye jakar. Je ki kama hannunsa, kada ki ce uffan."

Ta je ta kama, ta fara dubawa daga babban yatsa. Can sai ya miƙo mata ɗaya hannun.

"Ina kika shiga duk kwanakin nan?"

Inna, ke ce kika ɗinke wannan gida, ba allura ba zare. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da za ku gaje ta, in kun duba na kan gado, ku waiwayi wadda ke zaune a gefensa. Ita ma tana jin ciwo, kuma babu wanda ya buɗe mata kati.