Yadda Erastus Yake Karɓar Bindiga

Shekara talatin da ɗaya Erastus Tsuseb ya yi yana bin sawun namun daji a gandun farautar Maigida Wynand, can bayan garin Outjo. Ni ce mai girki a gandun, don haka yawancin abin a gabana aka yi. In mutumin nan ya kalli ƙasa, zai gaya maka gwankin da ya wuce mace ce ko namiji, har da ƙafar da yake ɗingishi da ita. Baƙi masu zuwa farauta su harbe, su yi hoto da gawar, shi a ba shi kayan ciki.

Bindiga kuwa dakonta kawai yake yi. Yana saurayi ya taɓa buɗe wata ya leƙa, mahaifin Wynand ya fasa masa baki. Tun daga ranar, in an miƙo masa sai ya sa hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya rataya.

Bara Wynand ya ce ya gaji da ciyar da wanda ba shi da takardar jagoran farauta. Ko Erastus ya samo ta, ko ya bar ɗakin da aka haifa masa 'ya'ya biyar a ciki. Matakin farko shi ne karatun kiyaye haɗarin bindiga. Wasu a waya suke yinsa, wasu da littafi, irin su Erastus da ba su san ko bihim ba sai zaman aji na kwana goma, a yi musu tambaya da baki.

Ya tafi, kuma an ce babu wanda ya kama ƙafarsa a ajin. Ranar ƙarshe, wajen jarrabawa, malamar ajin ta miƙa masa bindiga. Tun ranar farko aka koya musu cewa duk wanda ya ba ka bindiga, ka buɗe ka duba ko da harsashi. Ya sani sarai. Amma ya sa hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ba abin da ka manta?" in ji ta.

"Na gode, ranki ya daɗe," ya ce.

Nan take ya faɗi jarrabawar.

Da Wynand ya ji labari, dariya har da hawaye. Washegari ana cin abincin rana ya sa aka kira Erastus gaban baƙi, ya ɗauko bindigar mahaifinsa.

"Ungo, tsoho. Buɗe ta, ɗakin ya zama naka har ka mutu."

Ina tsaye da kwanon tuwon masara ina kallo. Erastus ya karɓa, yatsunsa suka kai wajen mabuɗin suka tsaya. Ya ɗago ya kalli Wynand, sannan ya rataya ta a kafaɗa. Baƙi suka tafa, a zatonsu wasa ne aka shirya musu.

Ran Asabar aka loda katifarsa da tukwanensa a motar shanu, zuwa ɗakin langa-langar 'yarsa a Outjo. Wynand ya buga masa kafaɗa, wai ba shi ya kore shi ba, ai ya ba shi dama har sau biyu.

Sabon jagoran, mai takarda, wanda bai iya bambanta sawun akuya da na barewa ba, ya karɓi makullin ɗakin tun motar ba ta tashi ba. Ya leƙo kicin ya tambaye ni sabulu da bokiti, wai ɗakin yana warin tsoho. Na tsani kaina, amma na ba shi. Nawa ɗakin ma na Wynand ne.