Shekarar da Maigidana Ya Yi Gwamna

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, kansil, wato hukumar garinmu, ta rage ma'aikata, maigidana na cikin waɗanda aka sallama. Akanta ne, mai lissafin kuɗi. Ya yi watanni a gida yana koya mini yadda ake jera kwanuka, har Allah ya sa wani ƙaramin gidan tarihi kusa da Oxford Road ya ɗauke shi aiki.

A gidan tarihin akwai ɗakin wani hafsan sojan ruwa na zamanin da, wanda aka tura ya yi gwamna a wani tsibiri tun farkon mulkin mallaka. Da can wani Bature ake biya ya sa kayan mutumin ya ba 'yan makaranta labarinsa. Shi ma aka sallame shi. Aka bi ma'aikatan da suka rage ana gwada musu rigar, ba wanda ta yi wa daidai sai maigidana.

Na ɗauka zai ƙi. Sai ga shi da yamma da leda: shuɗiyar riga mai maɓallan tagulla, hula mai kusurwa uku, da farin gashin kanti.

Ya ce, "Ki goge mini a hankali. Mutumin nan ya sha wuya."

Daga ranar ba mu ƙara cin tuwo cikin kwanciyar hankali ba. Mun ji yadda aka sa hafsan a jirgi tun yana yaro, ya tsufa a teku amma bai taɓa tafiya bai yi amai ba. Mun ji yadda ya sauka tsibirin da takardar sarki, ya kwana a tanti mai yoyo, ya shuka kabeji awaki suka cinye, ya ba da umarni a kama awakin. Maigida yana faɗa idonsa na kawo ruwa, yara na dariya a ƙarƙashin tebur.

Matsalar ita ce Yaya, wansa, injiniya a Birmingham, wanda ba ya iya shan shayi bai tsine wa mulkin mallaka ba. Wata Asabar ya taso daga unguwarsu Sparkbrook da 'ya'yansa, ya ce in raka su su ga ofishin ƙaninsa. Na yi ta kiran wayar maigida, gwamna kuwa ba ya riƙe waya.

Muka shiga ɗakin hafsan, muka zauna a baya. Ƙofa ta buɗe, maigida ya shigo da takobi yana taku ɗaya-ɗaya. Ya hango Yaya, ya tsaya, sannan ya ci gaba da Turanci. Dokar aikin ita ce duk abin da ya faru, ba ka fita daga rigar gwamna.

Da aka zo tambayoyi Yaya ya ɗaga hannu. Ya tambaya da Turanci, wa ya gayyace ka tsibirin mutane?

Maigida ya ce mai martaba sarki ne ya aiko shi.

Yaya ya miƙe ya juya harshe. "Kai, kakanmu ya kwana a dawa saboda harajin mutanen nan, kai ka zo ka ɗora gashin mata a ka?"

Maigida ya turo ƙirji, ya dafa takobi, ya ce da Hausa cikin muryar gwamna, "Yaya, don Allah ka bari a tashi daga aiki."

Yaya bai bari ba. Ya koma Turanci, ya kawo haraji, ya kawo aikin tilas, gwamna na kare kansa da kabeji. Turawa suka ɗauka shiri ne, suka yi ta tafi. Shugabar wurin ta zo ta riƙe hannun Yaya, ta roƙe shi ya riƙa zuwa.

A mota Yaya ya ce shi ba ɗan wasa ba ne. Asabar ta gaba sai ga shi ya biyo jirgin ƙasa, ya sa babbar riga. A Birmingham ba wanda ke barinsa ya kai ƙarshen magana, a nan kuwa har kujera ake ba shi.

Suka yi ta yi har lokacin sanyi, sannan aka rufe ɗakin gaba ɗaya. Maigida ya mayar da kayan, ya sami aiki a wani asibiti. Yaya ne abin ya fi yi wa ciwo. Ya kira ni yana faɗa, wai wace irin gwamnati ce za ta rufe wurin da yara ke ƙaruwa.