Bangon Faifan Mai Ganga

A shekararmu ta ƙarshe a sashen koyon aikin jarida aka ce kowane rukuni ya haɗa faifan sidi har da bangonsa. Abokaina suka ɗauki naɗar murya, ni aka jibga mini zanen bango, wai don na iya latsa kwamfuta. Muka zaɓi kiɗan noma, saboda na san wani tsoho a Marnona da ya yi zamani yana kaɗa wa manoma ganga wurin gayya. Lokacin ba mai kiransa kuma. Maganin feshi ya kashe ciyawa, ya haɗa da sana'arsa.

Ranar ɗaukar hoto ya aro babbar riga, ya rataya gangar. Na ce ya yi murmushi, ya ƙi.

"Mi za a yi da haƙoran tsoho, ɗana? Kai dai hiddo ni da kyau, jikokina su san na yi wani abu duniyag ga."

Iyakar abin da ya roƙa ke nan. Na ɓata kwanaki a wani shagon buga takardu a Wurno, a kawo wuta a ɗauke, ina ta gyara. Na sa shi a tsakiya, zangarniyar gero a bayansa. Ban taɓa yin aikin da na so kamar wannan ba.

Sai ga babban ɗan tsohon ya same ni a shagon. Dillalin albasa ne a Goronyo, har yakan ja salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan. Ya daɗe yana kallon hoton, ni ma na dube shi. Hanci ɗaya, goshi ɗaya.

"Can ba wanda ya san ni ɗan makaɗi na," in ji shi. "Muryatai ku kai ta inda kuka so. Amma huskag ga tawa ta."

Na tayar da jijiyar wuya, bai kula ni ba, ya wuce wajen mahaifina. Da yamma Baba ya ce in cire hoton tsohon, ba gidanmu ba ne. A wajenmu daga nan magana ta ƙare. Na share tsohon, na bar geron. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai gama hucewa ba. Malaminmu kuwa ya ba da maki, bangon ko kallo bai ishe shi ba.

Na kai wa tsohon nasa kwafin. Ya kai shi kusa da ido, ya juya baya, ya buɗe, ya ɗaga faifan ya leƙa ƙarƙashi.

"Ya zo wurinka ko?"

Na ce, "E, Baba."

Ya rufe a hankali, ya miƙo mini.

"Tahi da abinka. Ba ni da abin jin shi."